Tulun Rahila Ya Je Gida Ya Dawo

Tun da na dawo daga ƙetaren iyaka, ba na zama a rumfar ɗinkina cikin kasuwar Dogon Dutsi sai wani ya tsaya ya ce, "Arzika, wai da gaske tulu ka kai Najeriya?" Na ba mutane da yawa labarin, kowa ya ɗauki gefen da ya ba shi dariya ya tafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Lakwal, wato makarantar bokon da na yi, ba ta wuce shekara shida ba, saboda haka zan faɗi abin da na gani kawai.

Mai ɗakina Rahila ta rasu bara da kaka. Shekara talatin da ɗaya muka yi. Mu Kirista ne, kuma ita ce mai kiɗan tulu a zumuntar mata. Ga wanda bai sani ba, tulu ne na yumɓu mai rami a gefe, ana buga bakinsa da tafin hannu, yana fitar da murya mai zurfi wadda ke riƙe waƙa. Da shi aka kawo ta daga garinsu, Tungar Magina, can bayan iyaka wajen Kangiwa.

Kafin ta kwanta ciwo, majami'armu ta rabu biyu. Wani saurayin fasto ya zo daga Yamai da piyano mai lantarki da wa'azi cikin Faransanci. Wasu suka bi shi zuwa wani ɗakin kwano bayan tasha, wasu suka tsaya tare da tsohon fasto a ɗakinmu na laka. Gari ya sa mana suna, 'yan Laka da 'yan Kwano. Ranar da muka kai Rahila makwancinta duka fastocin suka zo. Tsohon ya yi addu'a, muka ce amin. Saurayin ya ce bari ya ƙara kaɗan, muka ce amin. Tsohon ya sake ɗaga hannu. Ba wanda ya yarda amin ta ƙarshe ta zama ta ɗan'uwansa. Rana ta yi sama, Rahila tana kwance a bakin kabari, maƙwabtana Musulmi da suka taya ni haƙa suna tsaye gefe suna kallon ƙasa. Sani, matashin da ke sayar da yadi kusa da rumfata, shi ya zo ya sa mini shebur a hannu.

Daga ranar ban sake taka majami'a ba. Da aka yi wata biyu, matan Laka suka aiko a ba su tulun. Washegari matan Kwano suka aiko. Na ce ba wanda zai same shi. Rahila takan ce mini a garinsu, inda mahaifinta ya kafa majami'a a gindin gawo, ba a wulaƙanta gawa. Ban taɓa ganin surukin nawa ba, ya rasu tana yarinya, kuma aurenmu a Dutsi aka ɗaura shi wurin kawunta, garin nasu ban taɓa zuwa ba. Amma a raina na ajiye cewa can ne ikilisiya ta gaskiya take, inda mutane suke baki ɗaya. Na yanke shawarar in mai da tulun can, in dawo in rufe wannan babin.

Na naɗe shi cikin zanen Rahila na zumunta, na tafi tasha da safe. Sani ma zai je Kore Mairuwa da yadi, sai muka shiga mota ɗaya. Direba ya dubi kayana ya ce a ɗaure shi sama tare da buhunan wake. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da shi. Ya ce to in rungume abina. Sani ya riƙe mini shi har na hau.

"Baba Arzika," in ji shi, "ka san kiɗa ba hanyarmu ba ta. In malaminmu ya gan ni da wanga abu bisa cinya, na shiga uku."

"To ba ni."

"Zauna dai tukuna. Amanar maƙwabci ta."

Wata tsohuwa da ke gefena ta yi ta kallon ƙunshin. Da motar ta faɗa rami zanen ya zame, ta ga bakin tulun da ramin gefensa, sai ta janye ƙafafunta ta sunkuya ta gaishe shi a hankali. Sannan ta tambaye ni cikin raɗa, "Na wace Doguwa na?" A ƙasarmu in ka ga dattijo ya rungume tulu a naɗe, ba ka zaton ruwa ne ciki, sai dai iskokin bori irin su Doguwa. Na ce mata na waƙar majami'a ne. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ɓoye wa sirri, ta ce ta gane. Har muka isa ba ta bar gwiwarta ta taɓa shi ba, na samu wurin zama mai faɗi wanda ban taɓa samu a motar haya ba.

A Kore Mairuwa muka ci kopto, kwaɗon ganyen zogale, a bakin kasuwa. Sani yana ci yana mini faɗa. Ya ce abin da aka yi a maƙabarta ya dame shi, amma bai ga dalilin da zan bar ibada saboda mutum biyu ba. Na ce bai san zafin abin ba. Ya ce, "Layinmu masallaci biyu gare mu, tsakaninsu bai kai jifa ba. Ni da ubana ba mu salla bayan liman guda. Ka ga na bar salla?" Na ci gaba da cin abincina. Ya buga wa kawunsa da ke Tibiri waya, ya ce baƙo na zuwa kwana, ya sa ni a motar can.

Kawun nasa manomi ne mai fara'a. Ya ba ni zaure da tabarma, aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa. Bai tambayi addinina ba sai da ya ga lokacin salla ya yi ban tashi ba. Ya ce, "Ashe kai ɗan Lahadi na." Ya ɗauke butar da ya ajiye mini ya kawo fura maimakonta. Tulun kuwa ya sa aka ajiye shi cikin babban kwando, don akuyoyinsa ba su da kunya.

Da safe na hau kabu-kabu muka bi ta Dumega zuwa iyaka. Hanyar yashi ce, baburan masu jarkokin fetur suna wuce mu kamar ana korarsu. A gefenmu ɗan duwan, wato kwastan, ya karɓi katina, ya sa na kwance zanen, ya zura hannu cikin tulun har gwiwar hannu, ya juya shi, ya leƙa. Ya ce bai taɓa ganin mai fitar da tulu babu komai ciki ba, kuma wannan ne ya sa bai yarda da ni ba. Ya kira abokinsa, shi ma ya zura hannu. Da suka gaji suka ce in tafi.

A gefen Najeriya wani ƙaton jami'i ne zaune ƙarƙashin itacen bedi. Na zaci za a sake wahala. Da ya ga zanen sai ya miƙe ya ce, "Baba, wannan ba na zumuntar mata ba ne?" Ya ɗora tulun a cinya ya buga shi sau uku, daidai yadda ake buɗe waƙa. Ya ce shi mutumin Zuru ne, uwarsa ma tana bugawa. Wata biyar ban ji muryar tulun ba. Na juya na yi kamar ina gyara takalmi har ya gama. Ya saya mini shayi. Shayinsu ba irin namu na ƙaramin kofi mai ɗaci ba ne, babbar moɗa ce cike da madara, da burodi kamar matashin kai. Mu muna shan shayi don hira, su suna shansa don ƙoshi.

Bayan iyaka na hau wani babur. Saura kaɗan mu isa, gaban babur ɗin ya nutse cikin yashi, muka kwanta gefe. Ba wanda ya ji ciwo. Amma na ji ƙarar da nake tsoro tun daga Dutsi. Wuyan tulun ya tsage, wani yanki kamar tafin hannu ya fita. Na tsince shi na sa cikin hulata. Mai babur yana ta ba ni haƙuri, na ce ba laifinsa ba ne. Sauran hanyar da ƙafa na ƙarasa. Shekara talatin da ɗaya yana hannun Rahila bai ko kwarzane ba, ni kwana biyu kawai.

Abin da na fara gani a Tungar Magina shi ne majami'a biyu, suna kallon juna, fili ɗaya tsakaninsu da tsohon gawo. Na ɗauka ɗaya makaranta ce. Na tambayi gidan Talatu, ƙanwar Rahila, wadda ke ginin tukwane. Tun tana yarinya, in ta zo Dutsi wurin yayarta, muke wasa da ita, kamar yadda ake yi da ƙanwar mata. Ta fito hannunta duk yumɓu. Muka gaisa, kowa ya share ido. Sannan ta dubi ƙurar da ke jikina ta ce, "Mijina, ka zo biko na, ko yunwa ta koro ka?"

Na kwance zanen na fito da yankin daga hula. Na ce na kawo musu abinsu, amma na fasa shi, ta yafe mini. Ta dubi tulun, ta dafe kai, sai ta fashe da dariya.

"Wayyo ni! Ka maido muna shi?"

Na ce ban gane ba.

"Zauna ka sha ruwa. Wanga ba labarin tsaye ba na."

Ta juya tulun zuwa haske ta ce in leƙa ciki. A wuyan, daidai inda ya tsage, akwai tsohon layi baƙi na ƙaro. Ta ce ba ni na fasa shi ba, tsohon miki ne ya buɗe. Ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, abin da mu a Dutsi sai ranar biki. Da na ci, ta kai ni wurin Baba Nomau, makaho, shi kaɗai ya rage cikin mutum biyar da suka fara majami'ar.

Na durƙusa na gaishe shi. Talatu ta ce mijin Rahila ne, kuma ya maido tulun. Tsohon ya ce, "Mi munka yi maka, ɗana?" Su biyun suka yi dariya. Na ba shi labarin maƙabarta duka. Na ce na zo ne don Rahila ta ce a nan ba a wulaƙanta gawa, na san nan ne aka riƙe abin yadda aka faro shi.

Ya gyara zama. Sannan ya ce surukina ya tafi asibitin mishan neman maganin ido, ya dawo da ido ɗaya da Littafi wanda da ƙyar yake haɗa baƙaƙensa. Mutum ne mai kyauta, in ji shi, zai ba ka rigarsa, amma in ka gyara masa karatu sai ya kwana uku bai gaishe ka ba. Shekara uku suna taruwa gindin gawo lafiya. Rigima ta fara ranar da suka ce za su gina ɗaki.

"Bisa ƙofa ta," in ji shi. "In munka sa ƙofa yamma, muna fuskantar gabas, waɗanda sunka fito daga salla sunka ce a'a, an mai da su masallaci. In munka sa ta kudu, muna fuskantar arewa, ga kukar Doguwa can, waɗanda sunka fito daga bori sunka ce ba su durƙusa mata kuma. Saura gefe biyu, ka ce ai da sauƙi. To kafin nan an zagi uwar wani."

Haka suka gina ɗaki biyu. Tulun kuwa uwar Rahila ce ta gina shi, shi ne na farko a garin. Ranar rabuwa ita da matar Baba Nomau suka kama shi, wannan ta ja, wannan ta ja, wuyan ya fita. Aka liƙe shi. Aka ce Lahadi ɗaya nan, Lahadi ɗaya can. Shekaru ana haka, kuma kowane mako sai an yi cacar baki a kan wa ya riƙe shi ya wuce lokaci. Da auren Rahila ya tashi zuwa wata ƙasa, duka ɗakunan suka yarda a ba ta.

"Ta iya kiɗa, ban hana ba," in ji shi. "Amma don mu huta munka ba ta. Shi na abu na farko da munka yi baki guda a kai. Yanzu tuluna shida gare mu, uku nan uku can. In wanga ya kwana garin ga, gobe a fara tambayar na wa na."

Na ce to me ya sa Rahila ta ce mini ba a wulaƙanta gawa a nan?

Talatu ce ta amsa, ba dariya yanzu. Ta ce ranar da aka binne mahaifinsu, abin da ya faru ya fi nawa muni. Kowane ɗaki ya ce shi ke da gawar, aka ja makara har ta karkace. Rahila tana da shekara goma sha biyu, tana tsaye riƙe da hannun Talatu. Kunyar wannan rana ce ta sa dattawa suka kafa doka, kuma har yau ba a karya ta ba. In mutum ya rasu a wannan ɗaki, 'yan wancan ɗakin ne ke haƙa kabari, matansu su dafa abincin makoki, fastonsu ya yi addu'a. Masu gawa ba abin da suke faɗa sai amin.

"Gaskiya ta gaya maka," in ji Talatu. "Kai ne ka ƙara da cewa ba mu faɗa."

Na ce wa Baba Nomau, to ashe tun tushe abin a fashe yake. Ya ce tushen ya fi nan nisa. Ya ce in tuna waɗanda Almasihu ya fara tarawa: masunta da mai karɓar haraji, suna tafe bayansa suna gardamar wane ne babba a cikinsu. Da wuya ta zo, ɗaya ya ce bai san shi ba, sauran suka gudu. "Da su anka fara," in ji shi. "Ni ban ji inda anka ce ya kore su ya nemo waɗansu ba. In kana neman ɗakin da babu irinmu ciki, ɗana, ka daɗe bisa babur."

Duk wannan na san shi tun ina yaro. Amma abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar nan mai shekara goma sha biyu. Ta ga an ja makarar ubanta, ta girma, ta ɗauki tulun da aka yi faɗa a kansa, ta buga shi kowace Lahadi har hannunta ya kasa. Ba ta taɓa gaya mini ba. Ni rana ɗaya na gani na rufe ƙofa.

Kwana huɗu na yi. Talatu ta daka tsingaro ta haɗa da ƙaro ta liƙe wuyan, ta ɓoye tulun a bayan rumbu don kada labari ya fita. Ya fita duk da haka. Mata daga ɗakunan biyu suka yi ta zuwa gaisuwa, kowace sai ta leƙa bayan rumbu ta tambaya yaushe zan koma. Ranar Lahadi na tsaya a gindin gawo, na ce zan saurara daga waje. Suna fara waƙa lokaci ɗaya, kowane ɗaki yana ƙoƙarin danne ɗan'uwansa, har tsuntsaye suka tashi daga itacen. Da aka tashi kuwa, duka suka fito fili ɗaya ana sayar da ƙosai ana tambayar lafiyar yara. Mu a Dutsi ba mu da ihun, amma 'yan Laka da 'yan Kwano ko a kasuwa sai su kau da kai.

Da zan tafi Talatu ta naɗe tulun da ƙaiƙayi cikin kwando. Ta ce, "In ka sake fasa shi, kawo. In ka gaji da zaman gwauro ma, ka san gida." Na ce ta fara koyon dafa tuwon gero. Dawowa ba abin da ya faru, sai dai ɗan duwan ɗin nan ya gane ni. Ya ce, "Ka fita da shi babu komai, ka dawo da shi babu komai?" Ya sake zura hannu.

Da na huta na kira shugabar matan Laka da ta matan Kwano, rana ɗaya, tabarma ɗaya. Na ce tulun a ɗakina zai zauna. Lahadi ɗaya zan kai shi can, Lahadi ɗaya can, ni zan ɗauka ni zan maido, ba ya kwana hannun kowa. Suka dubi juna. Ɗaya ta tambaya wa zai fara. Na ce wadda ba ta tambaya ba.

Na kuma je wurin fastocin biyu na gaya musu dokar Tungar Magina. Tsohon ya ce zai shawarci dattawa. Saurayin ya ce zai yi addu'a a kai. Har yau ba amsa. Na dai tuna musu cewa shekarata sittin da biyu, kuma ba na son a shanya ni a rana.

Tun da ni ke ɗaukar tulun, dole in zauna har a tashi. Sani ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya yi fushi da ɗaki ɗaya ya koma zuwa biyu ba. Matan da ke bugawa ba su kai Rahila ba, kuma muryarsa ta ɗan dushe tun da aka sake liƙe shi. Ba wanda ya lura sai ni. Ina zama a benci na baya inda nake jin sa sosai, in an tashi in naɗe shi cikin zanenta mu koma gida.